Zaren Asabar

Ohio, Amurka
3 ga Oktoba

Zuwa ga taubashiyata Malama Zulaiha,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam Bature da yara, da duk wanda ya rage yana tuna sunana a Birnin Gwari, in akwai shi. Ni dai da sauƙi. Gwiwar hagu ce ke ba ni labarin sanyi tun kafin ya iso, hawan jinin kuwa yana nan inda likita ya bar shi.

Tun da aka katse muku layin waya na rasa wanda zan yi wa ƙorafi, shi ya sa na koma biro da takarda. Zan ɗauki hoton wannan in tura wa Mainasara direba a Kaduna, ya buga ya kawo miki. Ki ba shi amsa ta hanyar da ta zo.

A wayarmu ta ƙarshe kin ce shekara tara ina yi wa unguwa ɗaya aiki ban taɓa ba ki labarinta ba. To ga shi. Gida ɗari da sittin ne a kan tudu, na likitoci da lauyoyi da masu kamfani. Babu katanga ko ɗaya, amma ban taɓa ganin wuri a rufe kamarsa ba. Mutum zai fito daga mota cikin gareji, ƙofa ta sauko a bayansa, shi ke nan sai gobe. Abin da suka fi ji da shi ciyawar ƙofar gida ce. In taka ta wuce tsawon yatsa, kwamitin unguwa zai aiko maka da takarda. Ni ne mai sassabe da gyaran bishiyoyin da ke na kowa da kowa, kuma a saman ɗakin kayan aiki nake kwana. Shekara goma sha huɗu na yi ina gadin dajinmu, na san kowace doka da kowane maɗaci, na rubuta rahoton baƙin fuskoki har hannuna ya gaji ba wanda ya karanta. Yanzu ga ni ina yi wa bishiyar masu kuɗi aski. Amma in faɗi gaskiya, ba su taɓa cin haƙƙina ba, kuma ba wanda ya taɓa ɗaga mini murya.

Akwai sababbin maƙwabta da suka tare bara, Yahudawa ne masu riƙo da addini. Gida goma sha biyu suke yanzu. Na kusa da ni sunansa Ezra, malamin lissafi a jami'a, da 'yar hula kamar murfin kwano a tsakiyar kai. Da matarsa da 'ya'ya huɗu da mahaifiyarsa Helen, tsohuwa mai shekara tamanin da huɗu a keken guragu. A duk unguwar nan ita kaɗai ta taɓa tambayata sunan garinmu, ta kuma riƙe. "Birnin Gwari," take cewa kamar tana taunar ƙashi. Ranar Asabar ba sa shiga mota, a ƙasa suke tafiya wurin ibadarsu, Ezra na tura ta, yara na biye. Su kaɗai ne ke sa titin nan ya yi kama da wurin da mutane ke zaune. Kwanan nan dai ban ga tsohuwar ta fito ba, ina jin jiki ne.

Bari in ba ki abin alfahari, ko kya daina cewa na manta aikina. A gefen unguwa akwai ɗan kurmi da rafi. Can nake zuwa duk Juma'a in na dawo masallaci, don shi kaɗai ne ke warin gida. Mako uku da suka wuce na ɗaga kai na hangi zaren fatsa, siriri ƙwarai, an ja shi a saman wasu dogayen sanduna tsakanin bishiyoyi. Ni da na kwance tarkon waya ya fi dubu a daji, ai ba sai an gaya mini ba. Masu kama tsuntsaye ne. Na ɗauko tsani na datse shi na naɗe. Mako na zagayowa sun mayar, na sake datsewa. Shekaranjiya na uku. Za mu ga wanda zai gaji.

Ki gaida kowa.

Naki,
Abarshi

*

Birnin Gwari
14 ga Oktoba

Zuwa ga bawan gidanmu Abarshi,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, har Malam Bature ya ce ashe mai gadin daji ya iya rubutu. Muna lafiya alhamdu lillahi. Ciwon idona ya yi sauƙi. Masarar bayan gida ta yi kyau, gonar Kazage kuwa bana ma ba mu taka ta ba, ka san dalili.

Kada ka manta kakarka ƙanwar kakana ce, don haka ko a Amurka kake bawana ne, kuma in na yi magana sai ka saurara. Mutanen da ka ce likitoci ne da lauyoyi, su ne za su koma kama tsuntsu da zare? Su ci da me, da ciyawar tasu? Ka tambaya kafin ka sake hawa tsani da wannan gwiwar. Tun muna yara haka kake. Kai ne ka buɗe wa Baba Abdulkahar kejin tantabarunsa wai kana tausayinsu.

Labarin maƙwabtanka ya ba ni sha'awa. Ni ban taɓa ganin Bayahude da idona ba, sai a tafsiri da rediyo. Da na karanta wa malamai a ofis, ɗaya ya ce ka yi nesa da su. Na ce masa matar da ta riƙe sunan garinmu ta fi wasu 'yan garin da suka je Abuja suka manta hanya. In ba ta da lafiya ka je ka gaishe ta mana. Ko can ba a zuwa dubiya?

Mu ma muna da baƙi. Mutanen Kakangi sun sake shigowa gari bayan abin da ya faru, aji biyu na makarantata cike suke da su. Na ɗauki wata dattijuwa, Inna Huseina, da jikokinta biyu na ba su ɗakin soro.

Ka riƙa shan maganinka.

Uwar gijiyarka,
Zulaiha

*

Ohio
24 ga Oktoba

Zulaiha,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Yau ba zan ja gaisuwa ba, ki yi haƙuri.

Kin yi gaskiya, kuma da ma ba ki yi ba. Takardarki ta same ni bayan na datse zaren karo na huɗu. Ranar Lahadin da ta wuce na ga motar 'yan sanda a bakin kurmi, ga Ezra, ga malamin addininsu mai dogon gemu, suna nuna saman sandunan. Na matsa kamar mai wucewa na tambayi Ezra lafiya. Ya ja ni gefe ya yi mini bayani.

A addininsu, ranar Asabar ba a ɗaukar komai daga gida zuwa titi. Ko makulli, ko jariri, ko tura keken mara lafiya. A cikin gida ko farfajiya babu laifi. To sai malamansu suka ce in aka kewaye unguwa da iyaka, ta zama kamar farfajiya ɗaya ta gida ɗaya. Iyakar ita ce wannan zaren. Eruf suke kiransa. A yawancin wurare wayar lantarki ce ke tsaya musu, amma ta wajen kurmi babu turakun wuta, shi ne tsohon kwamiti ya ba su izinin kafa sanduna na gwajin shekara guda. Ni ba wanda ya gaya mini, mai sassabe ai ba a gaya masa komai. Duk Juma'a da safe malaminsu ke zagayawa ya duba zaren. Ni kuma sai bayan sallar Juma'a nake zuwa in datse. Kafin wani ya lura rana ta kusa faɗuwa, babu lokacin gyara, sai a aika wa kowane gida cewa iyaka ta karye.

Ashe tsohuwar lafiyarta ƙalau. Ni ne na kulle ta a ɗaki.

Ezra ya ce, "Abarshi, kai kullum kana wajen nan, ba ka ga kowa ba?" Na ce ban ga kowa ba. Ban yi ƙarya ba, amma ban taɓa faɗin gaskiya mai ɗaci irin wannan ba. Ya ce wanda ke yi ya san lokacin da zai fi yi musu ciwo, don haka ba yara ba ne. Ya ce matarsa ta hana yara wasa a waje, kuma sun fara maganar sayar da gidan.

Washegari shugabar kwamiti ta kira ni ofis. Susan sunanta, lauya ce da ta yi ritaya, ita ta ɗauke ni aiki. Ta ajiye rahotona na mako-mako a gabana, inda na rubuta da hannuna sau huɗu cewa na cire zare a kurmi. Sai yanzu ta karanta. Kin gani, ko'ina na je rahotona sai ya makara.

Ta ce, "Na san ba da mugunta ka yi ba. Amma ka yi tunani. Ma'aikacin kwamiti, Musulmi, ya yanke abin ibadar Yahudawa sau huɗu. Wa zai tsaya jin labarin tsuntsaye? Za su kai mu kotu, jarida za ta sa hotonka, ni kuma ba zan iya riƙe ka ba." Ta ce in yi shiru. Ta ce kwamiti ya hana a mayar da zaren sai an yi taron unguwa ran 21 ga Nuwamba an kaɗa ƙuri'a. Abin da take so in yi kaɗan ne, wai in rubuta a matsayina na masanin bishiya cewa sandunan na cutar da saiwa, zaren kuma na kama tsuntsaye. In an cire shi saboda bishiya, ba wanda zai ce an kori kowa, maganar mai yankewa kuma ta mutu.

Ba zan ce miki muguwar mace ce ba. Lokacin da aka yi mini aikin ido ita ta kai ni asibiti ta zauna har na fito. Ba ta ƙin Yahudawa, likitanta ma Bayahude ne. Abin da take ƙi shi ne a ga alamar wani a unguwarta. Tana son kowa ya zo, amma ya bar abin da ya bambanta shi a cikin gareji.

Saiwar kuwa ba abin da ya same ta, na tona na duba. Tsuntsu kuma ban taɓa ganin ko gashinsa a zaren ba.

Shekarata hamsin da tara. In na rasa aikin nan na rasa ɗakin kwana, kuma ba ni da dajin da zan koma. Ki gaya mini abin da zan yi. Ba ni da wanda zan tambaya sai ke.

Abarshi

*

Ohio
9 ga Nuwamba

Malama Zulaiha,

Sallama. Ina fatan lafiya ce ta ɓoye ki.

Kwana goma sha shida ke nan. Na gane. Mutumin da ya ce bai ga kowa ba alhali almakashin na aljihunsa, bai cancanci amsa ba. Da kin zage ni ma da ya fi mini sauƙi. Haka mutanen gida kuke, in mutum na aiko da hoton ƙanƙara kowa na amsawa, in ya kawo damuwa sai a yi kamar ba a gani ba.

Asabar ɗin nan Ezra da yara sun wuce, hannu ba komai. Tsohuwar na bakin taga, ta ɗaga mini hannu. Na yi kamar ina gyara injin yankan ciyawa.

Na rubuta wa Susan takardar. Tana cikin aljihun rigata, ban sa hannu ba tukuna.

Abarshi

*

Birnin Gwari
12 ga Nuwamba

Abarshi,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai dai tashin hankalin da ka jefa mu.

Kai dai ba ka canza ba. Hanyar Kaduna ce ta ɓaci, kusan mako uku ba motar da ta shigo sai da rakiyar sojoji, Mainasara kuma ya ce ransa ya fi takardarka. Jiya ya kawo su biyun tare. Wai mutanen gida ba sa amsa damuwa! Allah ya shirye ka. Kuma ka sani Mainasara ya leƙa ta farkon, idonsa ya faɗa kan 'yan sanda da kotu, kafin ya iso gidana rabin tasha ta ji cewa an ɗaure Abarshi a Amurka saboda ya yi faɗa da Yahudawa. Har an fara zuwa yi mini jaje. Wani ma cewa ya yi ka yi jihadi. Na ce masa zaren fatsa ka yanka, ya tafi yana jin haushina.

Da farko na ɗauki biro in ce maka ka yi shiru ka riƙe aikinka, don na san abin da ake nufi da rasa wurin kwana, ina ganinsa kullum a makarantata. Sai na kasa rubutawa, saboda abin da ya same ni a gidan nan.

Ka tuna Inna Huseina ta Kakangi da na ba ɗakin soro. Igiyar gugarmu ta fara tsinkewa, sai na kwance ta na kai ɗaki don Malam Bature ya ƙulla sabuwa, na tafi makaranta ban gaya wa kowa ba. Kwana biyu yana mantawa, mu kuma muna da ruwa a randa a ciki. Ita ta zo rijiya ba guga. Ta dawo washegari ba guga. Ba ta tambaya ba. Wanda aka ba ɗaki don Allah ba ya iya tambayar ina guga, sai dai ya zauna ya yi wa kansa bayani, kuma bayanin da zai yi wa kansa shi ne an gaji da shi. Na dawo ran na uku na tarar ta share ɗakin tas, ta naɗe tabarmata ta jingine, ta koma aji cikin mutum arba'in. Na aika mata cewa kuskure ne, ta ce ba komai, ta gode. Ba ta dawo ba.

To ka ga naka ya fi nawa. Tsohuwar nan tana zaune a taga tana duban gidajen maƙwabta ɗaya bayan ɗaya tana tunanin wane ne a cikinsu. Kai kaɗai za ka iya cire mata wannan. Maganar ƙuri'a da kotu ban san kansu ba. Ni dai na ce kafin taron ka je wurinta, ita, ba kwamiti ba. Ka tafi da zaren a hannunka, kada ka aika.

Takardar Susan kuwa, kai ne ka ƙi sa hannu a takardar masu gawayi lokacin da aka ce ka rubuta cewa maɗatan nan matattu ne. Har yau ana faɗa a garin nan. Kada ka je ƙasar wasu ka tsufa ka sa hannu a kan zare.

In sun kore ka, ɗakin soro babu kowa.

Zulaiha

*

Ohio
23 ga Nuwamba

Zuwa ga uwar gijiyata, tunda yau kin ci sunan,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, hanya kuma ta yi sauƙi. Ki yafe mini takardar nan ta fushi. Ki gaya wa 'yan tasha ba a ɗaure ni ba, su yi haƙuri.

Ranar Alhamis da la'asar na zuba zaren huɗu a leda na ƙwanƙwasa ƙofar Ezra. Shekara tara a unguwar nan, ran nan na fara shiga falon wani. Tsohuwar na gefen taga da bargo a cinya. Na zube zaren a kan tebur na ce ni ne. Na ba su labarin dajinmu da tarkon waya da yadda hannuna ya saba, na ce na ɗauka masu kama tsuntsaye ne.

Ezra ya miƙe tsaye, fuskarsa ta yi ja. Ya ce, "Na tambaye ka. Ido da ido na tambaye ka. Wata guda 'ya'yana ba su taka waje ba." Na ce haka ne, tsoro ne ya kama ni, ba ni da wata hujja.

Sai muka ji wani sauti daga taga. Na ɗauka kuka take. Ashe dariya ce, har tana dukan hannun keken. "Tsuntsaye!" take cewa. "Ezra, tsuntsaye!" Da ta samu numfashi ta goge ido ta ce in matso. Ta ce tana 'yar shekara goma sha shida mahaifinta ya kawo su unguwar nan a mota don ya sayi gida, dillali ya duba sunansa ya ce ba a sayar wa irinsu a nan, a rubuce yake. Ta ce ta zauna a bayan mota tana kallon bishiyoyin nan. Shi ya sa da Ezra ya tashi sayen gida ta ce sai nan. Ta ce, "Wata biyu ina zaune ina cewa jikokin mutanen nan ne, ba su canza ba. Har na zaɓi gidan da nake zargi, wata baiwar Allah mai farin kare. Ashe mai ceton tsuntsaye ne daga Birnin Gwari."

Sannan ta daina dariya ta ce, "Amma ka cinye mini Asabar takwas, ni kuwa ban san nawa suka rage mini ba." Ta ce, "Za ka faɗa a taron?" Na ce zan faɗa. Ezra bai raka ni ƙofa ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Ranar Lahadi bayan azahar aka yi taron a zauren unguwa. Tun da safe na mayar wa Susan takardarta ba sa hannu. Ta dube ni ta ce, "Ka san abin da kake yi?" Na ce a'a, amma na san saiwa.

An yi magana iri-iri. Wani ya ce in aka bar zare yau, gobe unguwar za ta cika da su, darajar gida ta canza. Wata ta ce ita dai ba ta son a kewaye ta da addinin wani ba a tambaye ta ba. Wanda ya fi kowa zafi wani tsohon likitan haƙori ne, shi ma Bayahude, shekara arba'in a unguwar. Ya ce shi ya sha wahala kafin a daina kallonsa a matsayin baƙo, ba ya son a dawo da kallon. Na ji tausayinsa, don na san irin wannan gajiyar. Mai farin karen nan kuwa, wadda tsohuwar ke zargi, ita ce ta tashi ta ce shekara guda zaren na sama da gidanta ba ta taɓa ganinsa ba, wanda kuma ya yanke shi ya ji kunya.

Sai na ɗaga hannu. Na ce ni ne wanda zai ji kunyar. Na faɗi komai, har da tsuntsayen. Wasu suka yi dariya, wasu ba su yi ba. Wani daga baya ya ce, "Kuma mu yarda?" Kafin in buɗe baki Ezra ya tashi ya ce shi ya yarda, ba don yana jin daɗina ba, sai don ya ga rahoton da na rubuta da hannuna sau huɗu, kuma mai mugun nufi ba ya kai wa shugabarsa rahoton ɓarnarsa. Susan ce ta ba shi rahoton da safiyar nan, bayan na fita. Ban san za ta yi haka ba. Na faɗa miki ba muguwa ba ce.

Aka tambaye ni maganar bishiya. Na ce shekara ashirin da uku ina aikin bishiya a ƙasa biyu, sandunan nan ba su taɓa saiwa ba, tsuntsayen nan kuma sun fi ni hankali, sun daɗe da gane zaren, har sauka suke a kai.

Arba'in da ɗaya suka ce a bar shi, talatin da uku suka ce a cire. Ba zan ce talatin da ukun nan duka maƙiya ba ne. Ba zan kuma ce babu maƙiyi a cikinsu ba.

An ba ni takardar gargaɗi, za a sake duba aikina in sanyi ya wuce. Ɗakin dai har yanzu nawa ne. Ki ajiye mini na soron, amma da kin ba wadda ta fi ni buƙata. Kin ce in je da zare a hannuna kada in aika, ke kuwa aike kika yi wa Inna Huseina. Ki ɗauki tsohuwar igiyar nan ki je da ƙafarki.

Bawanki,
Abarshi

*

Ohio
5 ga Disamba

Zulaiha,

Assalamu alaikum. Saƙonki ya shigo wayata jiya, na ga an mayar muku da layi, alhamdu lillahi. Na ji daɗi da kika ce Inna Huseina ta dawo, ko da ta ce sai dai ita ta riƙa ajiye gugar a ɗakinta. Ki bar mata. Ni dai zan ci gaba da takarda, na gano na fi iya gaskiya da biro.

Gwiwa na nan, ƙanƙara ta fara sauka. Susan ta yi mako biyu ba ta gaishe ni ba, shekaranjiya ta ɗaga hannu rabi. Likitan haƙorin nan ya daina amsa gaisuwar Ezra, talatin da ukun kuma suna nan a gidajensu. Unguwar ba ta zama wata aba dabam ba, ƙofofin gareji na sauka kamar kullum.

Malaminsu ya roƙe ni in riƙa duba musu wajen kurmi, tunda an ce ba wanda ya kai ni ganin zaren. Shi yana zagayawa da safe, ni kuma in na dawo masallaci sai in bi layin sanda bayan sanda, in sare reshen da ke neman taɓa shi, in kira Ezra kafin rana ta faɗi in ce masa lafiya lau. Yakan ce na gode, ya kashe. Bai gama hucewa ba. A wannan shekarun na sake zama mai gadin iyaka, kuma karon farko ke nan da ake jiran rahotona.

Jiya Asabar ina share ƙanƙara a bakin ɗakin kayan aiki sai ga su tafe, Ezra na turawa, yara na tsalle a gaba, ƙaramin a kafaɗar uwarsa. Tsohuwar ta sha hula da bargo har wuya, hanci kaɗai ake gani. Ta sa aka tsaya a gabana. Ta zaro wani abu a ƙarƙashin bargon, burodi ne irin nasu mai kama da kitso, naɗe a tsumma. Tun daga gida ta ɗauko shi a cinyarta, a tsakiyar titi, ranar Asabar.

Ta miƙo mini ta ce, "Birnin Gwari, rabi naka, rabi na tsuntsayenka."

Na cinye duka. Su nemi nasu.

Naki har kullum,
Abarshi